Yaronku Ya Samu Jami'a: Yadda Zai Ƙetare Shekarar Farko Lafiya

Sakamakon jarrabawar Bak yakan fito ne a tsakiyar damina. Gidan da sunan ɗansu ya fito, ranar ba a kwanciya da wuri. Mata na guɗa, maƙwabta na shigowa barka, tsofaffi na sa albarka. Kwana biyu sai a koma lissafi: wane bijimi za a kai kasuwa, buhun masara nawa za a fitar, wurin wa za a nemi rance. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnatin Kamaru sefa 50,000 ne a shekara, amma duk wanda ya taɓa kai yaro ya san wannan shi ne ƙarami a cikin hidimar. Ga haya, ga ci, ga kuɗin mota da na takardu. Kafin Oktoba ya kama an ɗaure kaya, an raka shi tasha.

Wannan ɗan littafi naku ne, ku iyaye da kakanni da yayye masu sallamar yaro ko yarinya zuwa jami'a. Ya fi kyau shi ɗalibin ya zauna a tsakar gida ya karanta wa kowa da ƙarfi, don maganar ta shafe shi fiye da kowa. Zan riƙa yin misali da Jami'ar Ngaundere, inda yaran ƙauyukanmu na Adamawa da yawa suke zuwa. Tana Dang, wajen kilomita 15 daga cikin gari a kan hanyar Garwa, kuma tun 1993 ta zama cikakkiyar jami'a. Wanda ɗansa zai tafi Marwa ko Garwa ko Yawunde, maganar duk ɗaya ce.

Idon da ya bari a gida

Ku tuna yadda yaronku yake zaune a gabanku. Idan ya bar rabin tuwonsa, uwarsa ta gani. Idan hantsi ya yi bai fito ɗaki ba, wani zai leƙa. A makarantar sakandare ana kiran suna, wanda bai zo ba a tambayi dalili. Shekara 18 ko 20 yana rayuwa cikin idon mutane, bai ma san ana kallonsa ba.

A jami'a wannan idon babu shi. Ɗaliban shekarar farko sukan cika babban zaure ɗari-ɗari, malami ya shigo ya yi bayani ya fita, bai san sunan kowa ba. Yaro zai iya kwana 4 a kwance cikin ɗakin haya, ƙofa a rufe, ba wanda ya ce ina wane. Cututtukan da ke kawo mana ɗalibai asibiti su ne dai waɗanda kuka sani: zazzaɓi, gudawa, ciwon ciki, ciwon kai, tari. A makare kawai suke zuwa. Zazzaɓin da uwa za ta kawo ɗanta a kansa rana ta biyu, ɗalibi sai ya kai mako, sai abokai sun ɗauko shi ranga-ranga a kan babur.

In ka tambaye shi me ya hana shi zuwa da wuri, wani ya ce ya ɗauka zai wuce, wani ya ce kuɗinsa ne suka ƙare. Amsar da ta fi yi mini ciwo ita ce ta wanda ya ce ba ya so ya tayar wa mutanen gida da hankali, don ya san abin da aka sayar aka kawo shi. Saboda haka aiki biyu ne a gabanku tun kafin a zo maganar magani. Ku nema masa idon da zai tsaya a madadin naku, kuma ku sauƙaƙa masa faɗa muku gaskiya.

Kafin ya hau mota

Ku kawo shi asibiti mako 2 ko 3 kafin tafiya, ko da lafiyarsa ƙalau. Za mu auna nauyinsa, mu duba jininsa, mu rubuta a littafinsa na asibiti. Littafin kuma ya tafi da shi, kada a bar shi a akwatin inna. Za mu duba ido. Yara da yawa ba su san ganinsu ya yi rauni ba sai sun zauna a bayan zaure allo ya yi musu hazo-hazo, su yi ta fama da ciwon kai suna shan ƙwaya, alhali tabarau ne maganin. Haƙorin da ke yi masa tsami, a gyara shi yanzu.

Mai ciwon sikila, mai asma, mai ciwon sukari, mai farfaɗiya, kowannensu ya tafi da maganin wata 2 ko 3, da takardar da aka rubuta sunan maganin da yadda ake sha. Sa'an nan ya gaya wa wanda suke ɗaki ɗaya. Na san ana ɓoye farfaɗiya saboda bakin mutane da maganar aure. Amma dole abokin ɗaki ya san cewa idan ta tashi ana kwantar da mutum ta gefe ne, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki. Ya kuma san ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. Rashin barci da tsallake magani su ne manyan masu tayar da ita, su biyun kuwa ba sa rabuwa da ɗalibi.

Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasarmu, kuma mutum yakan ɗauke shi shekara da shekaru bai sani ba. Sai a 2005 aka sa allurarsa cikin rigakafin jarirai a Kamaru, kuma ba kowane yaron ƙauye ne ya samu duka ba. A gwada jininsa. In babu cutar kuma ba a tabbatar an yi masa rigakafi ba, allura 3 ce cikin wata 6, a fara a nan ya ƙarasa can. Ya tafi da rezarsa da buroshinsa da abin yanke farce. Waɗannan ba a aronsu, ba a ba da aronsu.

A cikin kaya kada a manta gidan sauro mai magani, da bokiti mai murfi, da tukunya, da bargo mai kauri. Ngaundere tana kan tudu fiye da mita 1,000, wanda ya taso cikin zafin Garwa ko Marwa zai sha mamakin sanyin asuba.

Ɗakin haya

In da hali, wani babba ya raka shi ya ga ɗakin da idonsa kafin a biya. Kada araha ta ruɗe ku. Abu na farko, ina ake ɗiban ruwa, kuma ina masai yake? Rijiyar da ke dab da ramin masai, da damina abin da ke cikin wancan yana tsatsafowa cikin wannan. Ta nan taifod da gudawa da kwalara suke shiga. Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa shi, a bar shi ya huce cikin abu mai murfi. In gudawa ta kama shi, ya haɗa ruwan gishiri da sukari kamar yadda muke koya wa mata masu goyo: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya yi ta kurɓa. In akwai jini a bayan gida, ko amai ya hana ruwan zama, ko gudawar tana zuba fara kamar ruwan shinkafa, sai asibiti nan take.

Ga wani haɗari da 'yan ƙauye ba su saba da shi ba. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, yaro yakan gama girki ya shigar da murhun gawayi ɗaki, ya rufe ƙofa da taga don ya ji ɗumi. Gawayi mai ci yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, wani daga nan ba ya farkawa. A gida kuna kwana da wuta a ɗakin jinka, iska na shiga na fita ta cikin ciyawa. Ɗakin siminti mai taga ɗaya ba haka yake ba. Gawayi ya kwana a waje, janareta ma haka. In aka tarar da mutum a ɗaki irin wannan ya kasa tashi, a fitar da shi fili, a buɗe ko'ina, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Ku tambayi mutum nawa ne za su kwana a ɗakin. Inda aka cunkushe ba iska, tarin fuka yana saurin yaɗuwa. Duk tarin da ya wuce mako 2, musamman in ga rama da zufar dare, a je a gwada majina. Maganinsa kyauta ne, ana shansa wata 6, ana kuma warkewa sarai in ba a tsallake ba. Da rani kuma akwai sanƙarau. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ba sa jiran gari ya waye.

Ciki

Nan ne shekarar farko ta fi cin yara. Yaron da bai taɓa riƙe sefa 20,000 a hannunsa ba, an ba shi kuɗin wata 3 a dunƙule. Makon farko shayi da burodi da ƙwai, ya sayi takalmi, ya ranta wa aboki. Kafin wata ya raba sai garin rogo da ruwa da sukari, sau ɗaya a yini. Ba lallai ne ya zama almubazzari ba, ba a taɓa koya masa ba ne. Yanzu da ake da Orange Money da MTN Mobile Money, ku riƙa aikawa kaɗan-kaɗan, kowane mako 2 ko kowane wata, a ranar da ya sani. Kuɗi kaɗan da ke zuwa a kan lokaci sun fi masu yawa da ba a san ranarsu ba. Watan da babu, ku gaya masa tun da wuri babu, don ya san yadda zai ja abin da ke hannunsa.

Abin da ya fi kuɗi amfani shi ne abin da ke rumbunku. Garin masara, wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, busasshen kifi, ɗan zuma. Ba a sayen katin waya da mudun wake, cikinsa zai shiga. Wake da gyaɗa suna gina jiki kusan kamar nama, ganye kuma yana taimakon jini, abin da 'yan mata suka fi bukata saboda al'adar wata.

Amma wa zai dafa? Ku iyaye mata, da ku nake. Ɗa namiji ya kai shekara 20 bai taɓa tuƙa tuwo ba, don an ce madafa ba wurin maza ba ce. To, a Dang ba shi da uwa, ba shi da ƙanwa. Wata ɗaya kafin ya tafi, ku sa shi gaba ya koyi dafa shinkafa da wake, da tuwo da miyar kuka, da kunun gyaɗa. In maƙwabta sun yi dariya su yi. Dariyar ta fi kwanciya a gadon asibiti sauƙi.

Kusan kowane ɗalibi da ya zo mana da ciwon ciki cewa yake yi olsa gare shi, yunwa ce ta jawo. Yunwa tana tayar da zafin ciki, gaskiya ne, amma ainihin gyambon ciki abu biyu ne suka fi kawo shi. Ɗaya wata ƙwayar cuta ce da ke zama a tumbi, tana da gwajinta da maganinta. Ɗayan kuma ƙwayoyin ciwon jiki ne irin su ibufurofen da dikulofenak da asfirin, waɗanda ake saye a tire bakin hanya a haɗiye ciki ba komai. Yaro ya ji ciwon kai don bai ci ba, ya sha ƙwayar da za ta ƙwaƙule masa ciki, gobe ya ƙara. In ciwon kai ne, ya fara cin abinci ya sha ruwa. Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, amma shi ma kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini, don yawansa yana lalata hanta. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, jini ne ke zuba a ciki, kada ya kwana a ɗaki.

Zazzaɓi

Karatu yana farawa ne daidai ƙarshen damina, lokacin da sauro ya fi yawa. Gidan sauron da aka sa a akwati, a ɗaura shi tun daren farko. In zazzaɓi ya zo, a gwada jini kafin a sha magani. Ɗigo ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 15 ko 20 an sani. Maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana 3 ne, a shanye shi duka ko da an ji sauƙi tun rana ta biyu. Ɗalibai suna da halin ajiye rabi don wani karon, ko su raba da aboki. Rabin magani ba ya kashe cutar, kwantar da ita kawai yake yi ta dawo. Kuma ba kowane zazzaɓi ne taifod ba, kada ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka. Jami'a tana da wurin duba lafiyar ɗalibai, ya nemi inda yake a makon farko, tun yana tafiya da ƙafarsa.

Sai maganar babur a taƙaice. Hanyar Dang zuwa gari ita ce babbar hanyar arewa, manyan motoci na bin ta dare da rana. Kada a hau mutum 3 don a rage kuɗi, kada kuma a hau bayan wanda idonsa ya nuna ya sha wani abu.

Barci da ƙwayoyin hana barci

Idan jarrabawa ta matso, ɗalibai sukan raba dare suna karatu, da kofi da goro. Sai wani aboki ya ce ga abin da ya fi, ya miƙo tiramadol, wanda samari ke kira tiramol. Kun san shi, kun ga abin da ya yi wa 'yan babur da masu aikin gona a ƙauyukanmu. Maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa. In aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi musamman in an haɗa da giya, kuma jiki yana sabawa da shi har ƙwaya ɗaya ta daina isa. Ɗana, ba ya ƙara basira ko kaɗan. Abin da ka karanta da rana, cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana shi. Mai shekarunka yana bukatar awa 7 zuwa 9. Wanda ya karanta awa 2 kullum tun Oktoba ya riga wanda ya kwana 3 ido biyu a ƙarshe.

Wanda ya riga ya faɗa ciki, ya zo ya faɗa mana. Ba za mu kai shi wurin 'yan sanda ba. Ana rage shi ne a hankali bisa tsari, don yankewa rana ɗaya tana da wahalarta. Haka maganar take ga tabar wiwi da barasar leda.

'Yan mata da samari

Wannan magana tana da nauyi a bakin iyaye, shi ya sa zan faɗe ta a madadinku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yarinyar da ba a aika mata kuɗin sabulu da audugar mata ba, ga haya ta ƙare, ga yunwa, akwai mai mota da zai tsaya ya ce zai taimaka. Baba, in kana lissafin abin da za ka aika wa 'yarka, ka sa waɗannan ƙananan abubuwan a ciki, don kunya ba za ta bar ta ta roƙe ka ba. 'Yata, duk wanda ya ce sai kin ba da kanki zai ba ki maki ko kuɗi, ko wane ne shi, laifi yake yi. Ki gaya wa wata babba da kika amince da ita, kada ki riƙe a ciki ke kaɗai.

Kame kai shi ne kariyar da ba ta da tsaga, haka muke koya wa 'ya'yanmu maza da mata. Amma ni ma'aikaciyar jinya ce, na san ba kowa ke tsayawa a nan ba. Wanda ya kasa, kwaroron roba yana kare shi daga cutar sida, wato ƙanjamau, da ciwon sanyi da cikin da ba a shirya ba. In an yi wa yarinya fyaɗe, ko wani abu ya faru ba kariya, kada a wuce awa 72, wato kwana 3, ba a zo asibiti ba. Akwai maganin da ake sha kwana 28 da ke hana ƙanjamau kama jiki, akwai kuma na hana ɗaukar ciki, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon amfaninsu. Wanda gwaji ya nuna yana da cutar, magani kyauta ne a Kamaru tun 2007, kuma mai shansa kullum yana gama karatunsa, ya yi aiki, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da aka faɗa mana a ɗakin duba marasa lafiya, nan yake tsayawa.

In kuwa ciki ya shiga, abin da ke kashe 'yan mata shi ne ƙoƙarin zubarwa a ɓoye, da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyi da tsinke, a hannun wanda bai san komai ba. Tsoron gida ne ke kai su can. Inna, ki gaya wa 'yarki tun kafin ta tafi cewa ko me ya faru ta dawo gare ki. Faɗa za a yi, za a yi kuka, amma tana raye.

Ciwon da ba a gani

Kewar gida a makonnin farko ba cuta ba ce. Kusan kowa yana yi, har da masu cika baki. Yaro ya kira yana cewa zai dawo, ku lallashe shi, ku ce ya ƙara mako 2 tukuna. Yawanci da ya yi aboki ɗaya ko biyu ya gane hanyar aji da ta kasuwa, sai abin ya lafa. A kasuwar Ngaundere Fillanci da Hausa za su fisshe shi. Cikin zaure ne harshe ke ba da wuya, inda malami ke zuba Faransanci da sauri, kowa na rubutu ba mai jiran kowa. Ya nemi 'yan uwansa 3 ko 4 su riƙa bitar darasi tare, kada ya ji kunyar cewa bai gane ba.

Wurin da nake so ku sa ido sosai shi ne bayan sabuwar shekara, lokacin da sakamakon zangon farko ke fitowa. Yaron nan shi ne na ɗaya a makarantarsu tun yana ƙarami. Duk ƙauye ana kiransa likita ko alƙali tun bai fara ba. Yau ga shi cikin ɗaruruwan waɗanda su ma na ɗaya ne a garuruwansu, ya duba allo ya ga ya faɗi darasi 2 ko 3. Ya tuna bijimin da aka sayar. Da yawa a nan suke yin shiru. Su daina zuwa aji, su rufe ƙofa, in an kira daga gida su ce komai lafiya.

Akwai ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar hawan jini, ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Alamarsa baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har mako 2 ko fiye, tare da rashin barci ko barci ba iyaka, rashin cin abinci, kasala, kasa riƙe karatu, da ganin kai ba shi da amfani. Wasu ba sa cewa suna baƙin ciki, cewa suke yi kansu na zafi, ƙirjinsu ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikinsu. Yana da magani, na zama a yi magana da na sha. Idan yaro ya ce ya gaji da duniya, ko gara ya mutu kowa ya huta, kada ku ce wasa yake, kada ku yi masa tsawa. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sauke masa kaya take yi. A ranar wani ya je wurinsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ɓera da na ƙwari da tarin ƙwayoyi, a kai shi asibiti.

A irin waɗannan shekarun ne kuma taɓin hankali yakan fara bayyana ga wanda zai same shi, tabar wiwi kuma tana ƙara haɗarin. Yaro ya daina barci, yana jin muryoyi, yana cewa ana bin sa. A ƙauye nan da nan za a ce an yi masa sammu don hassadar karatunsa. Ku yi addu'a, mu ma muna yi. Amma ku kawo shi asibiti a makon, kada a ɗaure shi, kada a yi wata 6 ana yawo da shi gida-gida. Wanda aka fara wa magani da wuri ya fi samun komawa aji.

To, yaya za ku gane daga nesa? Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, a waya kuwa babu fuska. In kun ce yaya karatu, zai ce lafiya lau, wannan gaisuwa ce. Ku yi tambayar da ba a amsa ta da lafiya lau. Me ka ci jiya da dare? Ƙarfe nawa ka kwanta? Wane darasi kuka yi yau? Da wa ka yi hira a makon nan? Nawa ya rage a hannunka? Ku sa rana ɗaya a mako ta kira, kada ta tashi. Kuma kada kowace waya ta zama tunin cewa kai ne fatan gidan nan. Ya sani, da shi yake kwana.

Ku karɓi lambar mutum 2 ban da tasa: abokin ɗakinsa, da wani babba a garin, ɗan uwa ko ɗan garinku mai sana'a a can. Ku kira babban nan da kanku ku ba shi amana, ya riƙa ganin yaron ko sau ɗaya a wata, ya ci tuwo a gidansa. Ɗaliban gari ɗaya ko yanki ɗaya sukan kafa ƙungiyarsu a jami'a, ya neme su. Mai zuwa coci ya nemi ikilisiya ya shiga ƙungiyar matasa ko ta mawaƙa, mai zuwa masallaci ya riƙe sahu ɗaya har a san fuskarsa. Wurin da za a ce yau ba mu ga wane ba, shi muke nema.

In ya faɗi, in ya dawo hutu

Faɗuwa a zangon farko ba ƙarshen karatu ba ne. Akwai jarrabawar gyara ga darussan da aka faɗi, ana maimaita shekara, ana kuma sauya fanni in wanda aka zaɓa bai karɓi yaro ba. Ku gaya masa wannan da bakinku tun kafin ya tafi, ku ce in ya faɗi ku ne na farko da za su ji, kuma ba za a kore shi ba. Akwai yaran da suke shekara 2 suna karɓar kuɗin makaranta alhali sun daina shiga aji, don ba su san ta inda za su fara faɗa ba.

Idan ya zo hutun Kirsimeti, ku bar shi ya yi barci kwana 2 kafin a tura shi gona ko kiwo. Sa'an nan ku dube shi da kyau. Wandonsa ya yi masa yawa? Yana tari? Tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari? Yana cin abinci tare da mutane, ko ɗaki yake shigewa? Hannunsa na rawa, ko yana yawan fita ba a san inda ya nufa ba? In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku zo da shi tare da littafinsa na asibiti, mu ɗora shi a ma'auni mu gwada da nauyin da muka rubuta kafin ya tafi. In allurar ciwon hanta ta rage, a nan za mu duba ranar da ta dace a yi masa.